Kuɗin Mota Ba Cinikin Rago Ba Ne

A wannan makon ƙorafi na kawo, kuma duk wanda ya taɓa hawa motar haya a ƙasar Gumel ya san shi.

Wata Alhamis da safe na shiga bas daga Gumel zuwa Maigatari. Kusa da ni wata dattijuwa ce da ɗan buhun kuka da daddawa, za ta kai kasuwa. Kafin ta shiga sai da ta tambayi ɗan kamasho nawa ne, ya faɗa mata, ta kwance bakin zane ta ƙirga, ta damƙe a hannu. Muna barin gari yaron mota ya fara karɓar kuɗi. Da ya zo kanta ya ce saura naira 200.

Ta ce, "Ɗan nan, ba haka aka faɗa mini a tasha ba."

Ya ce, "Iya, yau fa kasuwa ce, ga kuma kayanki."

Ta rantse ba ta da ko sisi bayan wannan. Direba ya rage gudu ya ce a sauke ta, a inda babu gari babu inuwa. Wani bawan Allah daga kujerar baya ya miƙo kuɗin, mota ta yi tsit. Har muka isa dattijuwar nan ba ta ɗago kai ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne duk cikarmu a motar babu wanda zai iya cewa ga mai gaskiya. Ɗan kamashon da ya yanka kuɗin yana can tasha. Yaron mota ya ce umarnin maigidansa ne. Ba a rubuta komai a ko'ina ba. Don haka matsayina a yau guda ɗaya ne: a rubuta kuɗin mota a allo, a kafa a kowace tasha ta Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, inda kowa zai gani kafin ya ɗaga ƙafa ya shiga.

Rago ake taya wa a kara, a yi albarka, a tafi a dawo, don kowane rago da girmansa. Hanyar Gumel zuwa Maigatari kuwa ba ta ƙara tsawo ranar Alhamis, ba ta raguwa idan fasinja ɗan gari ne. To me ya sa za a kalli rigar mutum a yanka masa kuɗi? Baƙo da nasa farashin, mace mai goyo da nata, wanda ya iya ɗaga murya da nasa. Ɗalibin da ke zuwa Kwalejin Ilimi ta Gumel daga Sule Tankarkar ba ya iya lissafin kuɗin makonsa. Mai kai mara lafiya asibiti ba shi da bakin ja-in-ja, abin da aka ce shi zai biya.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Layin dogon Kano zuwa Nguru, wanda ya isa Nguru a 1930, ta Gagarawa ya ratsa. Kakanninmu sun san tikiti, sun san kuɗin kowace tasha a yanke yake. Yau ma direban da ke ƙin faɗa mana kuɗi a fili ba zai sayi mai a famfon da ba ya nuna farashin lita ba. Abin da yake so wa kansa a gidan mai shi muke nema a tasha.

Na san abin da direbobi za su ce, kuma ba zan yi musu ƙarya ba. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da janye tallafin mai. Litar da farashinta na gwamnati bai kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 ta wuce 1,000. Mu na bakin iyaka namu ya fi na kowa. A Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, direban Maigatari ya koma hannun 'yan bumburutu. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyaka, sai a Maris ɗin 2024 Najeriya ta buɗe nata ɓangaren, kasuwa ta yi sanyi, fasinja ya ragu. Ga balas ɗin mai mota, ga kuɗin lodi, ga taya da bakanike. Motar da ta tafi kasuwa a cike da safe tana iya dawowa rabi.

Duk na yarda. Amma a nuna mini guda ɗaya a cikin waɗannan da ya wajabta ɓoye farashi. In ranar kasuwa da nata kuɗin, a rubuta layi biyu: ranar kasuwa kaza, sauran ranaku kaza. In buhu da nasa kuɗin, a rubuta buhu kaza, akuya kaza. In an ce mai yana hawa yana sauka, ai shi ya sa na ce allo da alli, ban ce a sassaƙa a dutse ba. A goge a sake, a sa kwanan wata a ƙasa. A nan ne ma ake gudun allon. Ranar da mai ya tashi, kafin azahar kuɗin mota ya tashi. A 2025 Matatar Dangote ta rage farashi fiye da sau ɗaya. Wa ya shiga tasha aka ce masa, "Malam, yau an rage"? Allo mai kwanan wata shaida ne, kuma mai cin duhu ba ya son shaida.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu fasinjoji ba waliyyai ba ne. Akwai mai shiga ya yi gum, sai an iso ya ce, "Wallahi ɗan abin da ke gare ni ke nan." Akwai mai miƙa dubu ɗaya a tafiyar ɗari uku da sassafe, sannan ya zagi yaro a kan canji. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kuma aka samu masu nuna transfar da ba ta shiga ba. Yaron motar da muke zagi shi ne zai cika giɓin daga aljihunsa da daddare. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Allon nan shi ma zai kare shi: ka gani ka shiga, ka biya.

Wani zai ce mutanen ƙauye ba su iya karatu ba. Wannan raini ne. Dattijuwar da ta bambance 500 da 1,000 a bakin zanenta ta san lamba. A rubuta sunan gari da boko da ajami. Takardun naira 200, 500 da 1,000 ma da ajami a jikinsu, babu wanda ya ruɗe.

Nauyin yana kan shugabannin tasha da ke karɓar kuɗin lodi a kan kowace mota, da ƙananan hukumomi huɗun nan da ke karɓar haraji. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Katako ɗaya da gwangwanin fenti ba sai an jira kasafin kuɗi daga Dutse ba.

Mu kuma masu son zama marubuta, kunyarmu ce. Mun cika shafuka da attajirai masu jera motoci a Abuja da Dubai, alhali da kuɗin aro muka hau motar da ta kawo mu gida. Ga aikin da nake roƙo: a makon nan kowa ya rubuta duk motar da ya shiga, daga ina zuwa ina, wace rana, nawa aka ce a tasha, nawa aka karɓa a hanya. Kada a ƙara gishiri, kada a kama sunan kowa. Mu haɗa, mu mayar da shi wasiƙa mai shafi ɗaya cikin ladabi, mu kai wa shugaban kowace tasha da shugaban kowace ƙaramar hukuma hannu da hannu. In allo ya samu, ni zan fara ɗaukar buroshi in rubuta na Gumel zuwa Maigatari.

Allah Ya kai mu gida lafiya, Ya sa mu dace.