Martani: Zanen Rousseau Ba Wasan Yara Ba Ne

Malam, na karanta sharhinka inda ka kira zanen Henri Rousseau wasan yara, wai don bai taɓa zama gaban malamin zane ba. Haba Malam! Wannan gorin ya tsufa. Tun 1886, da ya fara baje kolinsa a Salon des Indépendants, masu sharhin Faris suke yi masa dariya, bai fasa ba.

Ba wanda ya musa cewa mai karɓar harajin kaya ne a ƙofofin birnin, sai 1893 ya ajiye aikin. Bai taɓa barin Faransa ba, kurmin da yake zanawa a lambun Jardin des Plantes ya kalato shi. To sai me? Dubi damisar da ya zana a 1891 cikin hadari: ganye bisa ganye, kowane da irin korensa, ruwa na zuba a karkace, ciyawa ta kwanta wa iska. Wane yaro ke da wannan haƙurin?

Picasso, wanda ba a koya wa sanin zane, ya shirya masa walima a 1908, kuma bai rabu da zanensa da ya saya ba har ya mutu. Damisar tana National Gallery a Landan. Ka nemi hotonta ka duba da kyau kafin ka sake ɗaukar alƙalami.