Godiyar Kaka da Haƙƙin Zakka

Malam Edita,

A majalisin da muke zama bayan sallar Isha'i a Malumfashi, malaminmu ya ɗauko zancen godiya ga Allah da kakar bana. Wani dattijo ya ce mu da muka cika rumbu da masara da dawa, mu tuna 'yan'uwanmu na Faskari da Sabuwa da 'yan bindiga suka hana noma. Jikin kowa ya yi sanyi.

Malam ya tunatar da mu zakka: in amfani ya kai nisabi, noman damina buhu 1 cikin 10, na ban-ruwa da inji 1 cikin 20. Don Allah manoman Funtua, Bakori da Kafur, a fitar tun kafin a loda buhuna zuwa kasuwar Dandume.

Naka,
Wani manomi, Malumfashi