Jak Ba Kayan Ado Ba Ne: Darasi Daga Ɗakunan Tafi-da-Gidanka na Birtaniya

Da zarar bazara ta shigo Birtaniya, manyan hanyoyin da suka nufi Kwanwal, Welis da tsaunukan Sikotilan sukan cika da motoci masu jan wani farin ɗaki mai tayoyi. Karaban suke kiransa, kalmar da suke amfani da ita ga ayarin raƙuma. A cikinsa akwai gado, madafa da makewayi. Al'adar ta daɗe, domin tun 1907 aka kafa babbar ƙungiyar masu wannan sha'awa. Sai dai mutumin da zai kashe dubban fam a kan ɗakin, ya zauna yana zaɓen launin labule, sau da yawa ba ya tambayar da me zai ɗaga shi ranar da taya ta yi faci. Da dama daga cikin waɗannan ɗakuna ana sayar da su ba tare da jak ba. Wannan kuskure ne, kuma mai saye da mai sayarwa duk suna da kaso a ciki.

Tun 16 ga Disamba 2021 aka soke jarrabawar da ake yi wa direbobi kafin su ja tirela mai nauyi, aka ba masu lasisin ƙaramar mota damar jan abin da ya kai kilo 3,500. Karaban kuma ba ya cikin abubuwan da doka ta tilasta a kai su gwajin lafiyar mota na shekara-shekara. Ke nan babu mai koya wa direba, babu mai duba masa. Ga tayoyin karaban suna shafe hunturu a tsaye wuri guda, suna tsagewa tun ba su sude ba; shi ya sa ƙungiyar take ba da shawarar a canza su bayan shekara 5, kada kuma su wuce 7.

Wasu za su ce ai akwai jak a but ɗin mota. Wannan jak an ƙera kansa ne don ya kama wani gefe na musamman a ƙasan motar da ya zo da ita. Shasin karaban daban ne. Mafi yawan na Birtaniya suna kan shasin kamfanin AL-KO na Jamus, wanda aka yi da ƙarfe marar kauri don rage nauyi. Yana da ƙarfi idan nauyi ya bazu a kansa, amma idan aka tara nauyin a wuri ɗaya da ba a tanada ba, sai ya lanƙwashe. Haka ƙafafu huɗu da ke kusurwoyin ɗakin: aikinsu hana shi girgiza idan an yada zango. Wanda ya ɗaga karaban da su, daɓen ɗakin yake murɗewa.

Saboda haka zaɓe yana farawa ne daga shasi, kafin a zo maganar farashi. Jak mafi aminci shi ne wanda yake shiga cikin wani maƙali da aka ɗaure da noti a jikin shasi, bayan taya, ta yadda ba zai zame ba. Jak mai siffar kwalba, mai aiki da mai, yana da ƙarfi da arha, amma yana da tsawo: idan taya ta sace, ɗakin yakan yi ƙasa har jak ɗin ya kasa shiga, sai an ja tayar ta hau kan katako. Jak mai tayoyi irin na gareji ya fi kowanne zama daram a kan siminti, sai dai nauyinsa yana cinye ɗan abin da aka yarda a loda, kuma a kan ciyawa ba ya tafiya yadda ya kamata. Kowanne aka ɗauka, a duba farantin da ke jikin ɗakin, wanda ya nuna iyakar nauyinsa da kaya. Karaban mai kilo 1,500 yana ɗora kusan rabin wannan a kan jak idan an ɗaga gefe ɗaya, kuma hankali ya ce a sayi wanda ƙarfinsa ya zarce haka sosai.

Wajen amfani, ƙa'ida ta farko ita ce a bar ɗakin a haɗe da mota. Ƙaramar tayar da ke gabansa tana juyawa kowane ɓangare. Idan aka cire shi daga mota aka ɗaga gefe ɗaya, yana iya kewayawa a kan tayar da ta rage ya faɗo daga kan jak. A ja birkin hannu na mota da na ɗakin, a sa waji gaba da bayan tayar ɗaya gefen, a shimfiɗa katako mai kauri idan ƙasa na da taushi. A sassauta notuna tun taya na ƙasa. Bayan an ɗaga, a sauke ƙafafun kusurwa su taɓa ƙasa kawai, don ko-ta-kwana. Kada hannu ko ƙafa, balle kai, su shiga ƙarƙashi. Idan an gama, a ɗaure notuna da sifana mai auna ƙarfi daidai da littafin ɗakin, a sake dubawa bayan tafiyar kamar kilomita 50.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, tunda akwai kamfanonin agaji da za a kira. Suna da gaskiya a wuri ɗaya: a gefen babbar hanya, inda manyan motoci ke wucewa da iskar da ke girgiza ɗaki, babu jak ɗin da ya cancanci a fito da shi. A nan, a fita daga mota, a tsallake shinge, a kira agaji. Amma a lungun ƙauye inda waya ba ta da sabis, ko a gida lokacin gyara, jak da sanin aikinsa ne kawai mafita.

Ya kamata dillalai su daina lissafa jak cikin kayan ƙari, su ɗaura maƙalinsa kafin ɗaki ya bar shago. Mai saye kuma ya gwada shi sau ɗaya a ƙofar gidansa, da rana, a kan ƙasa mai tauri, taya na cike da iska, sannan ya sace iskar ya sake gwadawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.