Tsadaraki ba abokin gabarmu ba ne

Da zarar ruwa ya ɗauke aka shiga yankan gero da girbin shinkafa a fadamun Gololo da sauran ƙauyukan ƙasar Katagum, ihun "maciji!" ba ya yankewa. Kafin ka ankara samari sun taru da sanduna da lauje, an tumurmushe kan abin, an rataye shi a reshen aduwa. Babu mai tsayawa ya tambayi wane iri ne. Sau da yawa kuwa tsadaraki ne, wannan siririn dogon macijin mai ratsi a gadon baya, wanda gudu ne kaɗai makaminsa idan ya haɗu da mutum.

Ya kamata mu san wanda muke kashewa. Tsadaraki da rana yake yawo, saɓanin kububuwa da ke fitowa da dare. Idanunsa manya ne, ƙwayar a zagaye, kuma yakan ɗaga kai sama da ciyawa yana leƙe kafin ya fizga da gudu. Tsawonsa kan wuce mita guda. Ƙwai yake yi. Abincinsa ƙadangaru ne da kwaɗi da ɓeraye, har da ƙananan macizai. Yana da ɗan dafi a haƙoran can cikin baki, wanda ya isa ya kashe ɓera, amma ga mutum bai cika wuce zafi da ɗan kumburi ba, shi ma sai an matsa masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin nau'in macizai sama da 3,000 da ke duniya, kusan 600 ne masu dafi.

Ɓeran da tsadaraki yake ci shi ne mai huda rumbu, shi ne mai ɓarnar dami tun yana gona. Kuma wani nau'in ɓeran ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, cutar da Bauchi ke cikin jihohin da ta fi addaba. Manomin da ya kashe tsadaraki ya kori mai gadin da ba ya karɓar albashi, sannan ya tafi kasuwa sayen gubar ɓera ya ajiye inda yara ke wasa.

Ban raina tsoron mutane ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma kububuwa ta yi wa manoma da makiyayan Arewa maso Gabas ɓarnar da ba ta faɗuwa. Duk wanda ya san asibitin masu fama da saran maciji na Kaltungo a Jihar Gombe ya san haka. A 2017 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci. Amma rashin sanin bambanci shi kansa yana kashe mu, ta hanyar da ba mu cika lura ba. Tsadaraki ya ciji yaro, a kai shi wurin mai magani, a tsaga wurin, a shafa gari, gobe ya tashi garau. Ai dama zai tashi! Sai labari ya bazu cewa wane yana da laƙani. Ran da kububuwa ta sari wani, can za a fara kai shi, a yi kwana biyu ana jiƙe-jiƙe, jini na tsattsafowa daga dasashi don ya daina daskarewa. Sai an ga abin ya gagara a nemi motar zuwa asibitin Azare, lokaci ya riga ya ƙure.

Wani zai ce addini ya halatta kashe maciji. Haka ne, an yi umarni da kashe mai cutarwa ko da ana cikin salla. Sai dai a Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda malamanmu ke karantarwa a zaure, akwai hadisin Abu Sa'id al-Khudri da ya nuna a yi wa macijin gida gargaɗi har kwana uku kafin a taɓa shi. Addinin da ya koyar da wannan natsuwar bai koya mana bin halitta har cikin ciyawarta mu kashe don nishaɗi ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda yara ke kallo, suna koyon cewa jarumta ce mutum goma su taru a kan abin da ke neman hanyar tsira.

Ba cewa nake a kama maciji da hannu don a duba idonsa ba. Wannan ganganci ne, kuma duk wanda aka sara, ko wane iri ne, asibiti za a nufa da shi nan take, ba tsagawa, ba ɗaure ƙafa tamau. In ka gan shi a gona, ja da baya ka ba shi hanya. Malaman gona da na makaranta su nuna wa yara hotunan kububuwa da kasa da gamsheƙa gefe guda, tsadaraki gefe guda. Masu hali kuma da ke rabon atamfa lokacin siyasa su raba takalman roba masu tsawo kafin kaka, su ajiye allurar maganin dafin maciji a asibitocin Gamawa da Azare.