FILIN UWA DA TARBIYYA: Idan Yaronki Yana Son Tuƙin Jirgin Sama



Uwargida, idan ɗanki ko 'yarki ta ƙwallafa rai a kan tuƙin jirgi, kada ki yi gaggawar sayen kayan karatu. Ku fara zuwa wurin likitan da hukumar NCAA ta amince da shi, ya duba ido, kunne da zuciya. Matsalar bambance launuka kaɗai tana iya tsayar da yaro, kuɗin littattafai su tafi a banza.

Daga nan sai maigida ya nemo manhajar karatun makarantar da za a shiga, misali Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, a sayi littattafan da ta zayyana. Hukumar FAA ta Amurka tana ba da nata littattafan kyauta a intanet. Suna da amfani wajen fahimtar injin jirgi da yanayi, amma dokokin cikinsu na Amurka ne.

Manhajojin kwamfuta irin su Microsoft Flight Simulator da X-Plane suna sabar wa yaro da agogunan jirgi, sai dai awoyin da ya yi a ɗaki ba sa shiga lissafin lasisi. Ki tsaya masa a kan Lissafi da Turanci, domin da Turanci matuƙi yake magana da hasumiya.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka. Sai wata mai zuwa.