Kafin A Ƙara Wa Babur Mai Ƙafa Huɗu Girman Taya

Akwai wani abin hawa da manoman Amurka da Ostireliya su ke ji da shi, kamar yadda manomin ƙasar Hausa ya ke ji da jakinsa. Babur ne, amma ƙafafunsa huɗu, tayoyinsa gajeru masu faɗi, ana hawansa kamar doki. Da shi su ke zaga shanu da tumaki, su ɗauki taki da maganin feshi, su ja ɗan amalanke. Kamfanin Honda ne ya fito da kakansa mai ƙafa uku a 1970, sa'an nan Suzuki ya fito da mai ƙafa huɗu a 1982. Mai ƙafa ukun nan ya yi ta kifewa da mutane, har a 1988 aka daina sayar da sabonsa a Amurka. Ɗai-ɗai na hannu su kan faɗo ƙasashen nan, mai gonar shinkafa a fadama kuwa in ya ga ɗaya yana keta taɓo, lalle ransa ya biya.

To, masu wannan babur suna da wata al'ada. Da mutum ya saya, sai abokai su ce masa tayar da ya zo da ita ta wasan yara ce, a cire ta a sa manya masu dogayen haƙora, ya ga yadda zai ratsa kowace irin laka. Maganar tana da daɗin ji. Amma in babur ɗin irin wanda ya ke canja giya da kansa ne, galibi ƙarshenta asara ce, kuma manomi da ɗan kasuwar da zai yi masa odar tayar ya kamata su san dalili tun kuɗi bai fita daga aljihu ba.

A fara da lissafi, malaman ofis su ɗauko alƙalami. A gefen tayar a kan rubuta lambobi uku, misali 25x8-12, watau tsawonta inci 25, faɗinta inci 8, bakin ƙarfen da ta ke zaune a kai inci 12. In aka cire mai inci 25 aka sa mai 28, juyi ɗaya na tsohuwar yana cin ƙasa kimanin inci 78 da rabi, na sabuwar kuwa inci 88. Inji dai shi ne na jiya, bai ƙaru da kome ba, ga shi an ce ya tura babur tafiya mai tsawo a kowane juyi. Sabo da haka ƙarfin da ya ke isa ƙasa ya ragu da wajen kashi 11 cikin 100. Me aka samu a madadinsa? Cikin babur ya ɗaga daga ƙasa da inci ɗaya da rabi kacal, domin rabin ƙarin ne ya ke ƙarƙashin cibiyar taya, ɗaya rabin yana sama yana neman gogar madigadi. In aka zarce zuwa inci 30, kashi ɗaya cikin shida na ƙarfin ya tafi, a kan ɗagawar inci biyu da rabi. Har agogon gudu ya koma maƙaryaci, yana nuna mil 25 alhali kuwa ana gudun 28.

Wannan duk da sauƙi a kan babur mai giyar ƙafa, domin mahayi sai ya sauko giya ta ɗaya ya zauna a can. Mai canja giya da kansa dabam ne. Yawancinsu, tun daga wanda Polaris ya fito da shi a 1985, bel ne na roba ya ke ɗaukar ƙarfin inji ya kai wa ƙafafu. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin injin niƙa ya san halin bel. In mai niƙa ya cika hatsi fiye da kima, sai a ji bel yana ƙara, yana zamewa a kan ƙarfensa, wari ya tashi. Haka abin ya ke a cikin wannan babur, sai dai shi a rufe ya ke, ba mai gani. Bel ɗin yana tsakanin faifai biyu na ƙarfe masu buɗewa da tsukewa. Na gaba yana jikin inji, a cikinsa akwai 'yan ƙarafa masu nauyi waɗanda su ke buɗewa in inji ya ɗauki gudu, su matse bel. Na baya yana da sifirin. Masu ƙira sun auna nauyin ƙarafan nan da taurin sifirin daidai da tayar da suka sa. In aka ɗora taya mai tsawo da nauyi, ta kuma cika haƙoranta da laka mai danƙo, inji ba ya samun gudun da zai matse bel sosai, sai faifai ya yi ta juyawa a wuri ɗaya a jikin roba. Minti kaɗan ya isa ya ƙone wurin. Daga ranar nan babur ya riƙa fizga ke nan in zai tashi, wata rana kuwa bel ya tsinke, kuma ba a ƙofar gida ya ke tsinkewa ba, sai a tsakiyar fadama da buhunan taki a baya, hadari ya haɗo. Garin gyaran gira an rasa ido.

Ba a ce babbar taya ba ta da amfani ko kaɗan ba. Inda hanya ta ke da kwari biyu da manyan motoci suka haƙa, da tudu a tsakani, inci ɗaya ma ya kan raba babur da zama a kan cikinsa, kuma haƙora masu tazara suna zubar da laka yayin da ƙanana su ke toshewa su zama sumul. Wanda gonarsa ta ke bayan irin wannan hanya, ƙarin inci ɗaya ko biyu ba laifi, musamman in injinsa babba ne, in kuma ya zaɓi taya marar nauyi. Abin da ya wuce haka, tilas a buɗe kuloci a sake masa sifirin da ƙarafa, yadda inji zai ɗauki gudu kafin giya ta hau. A cikin taɓo kuwa, ko da kaya, a sa sandar giya a kan L, watau ƙaramar giya. Yawancin bel ɗin da a ke ƙonawa ƙyuyar taɓa sandar nan ce ta ƙone su. Akwai kuma waɗansu na Honda da su ke canja giya da kansu ba da bel ba, su wannan ciwo bai shafe su ba, amma lissafin ƙarfi bai ƙyale su ba.

Sauran ɓarnar a hankali ta ke zuwa. Sandunan da su ke juya ƙafafu suna da gaɓoɓi, in babbar taya tana juyawa a laka ta kama busasshiyar ƙasa farat ɗaya, a gaɓar nan ƙarfe ya ke karyewa. Birki ya ƙara wahala, mai ya ƙara ƙonewa. Manomin Amurka in ya karya sanda, kanti yana kusa da shi. Wanda ya karya tasa a nan cikin watan Agusta, kafin a yi odar wata ta iso, wataƙila an yanke shinkafa.

Mafi girma duka ita ce maganar rai. Babur ɗin aiki nauyinsa ya kai kimanin kilo 300, watau buhu uku na masara, kuma ba shi da rufi. Duk abin da aka ɗaga shi, an ƙara masa saurin kifewa a gefen tudu ko bakin rafi, balle an ɗaura tankin feshi a baya ruwa yana kai da kawowa a ciki. A Ostireliya ya kashe manoma da yawa ta hanyar danne su, har gwamnati ta kafa doka, daga Oktoba 2021, cewa kowane sabon babur na aiki sai an kafa masa ƙarfen da zai hana shi kwanciya a kan mahayi, sai kuma ya ci jarrabawar tsayuwa a kan gangare. Honda da Yamaha suka gwammace su daina sayar da irinsa a can. Abin da hukuma ta ke auna tsayuwarsa haka, bai kamata a ɗaga shi don ganin ido ba.

Masu faci ma a ja musu kunne. Tayar nan iskarta kaɗan ce ƙwarai, wajen awo 5, alhali ta ƙaramar mota tana shan 30 ko fiye. Ma'aunin mai faci ba ya karanta ƙaramar iska daidai, in ya ɗura mata irin ta mota sai ta yi tauri, ta riƙa tsalle, ta nutse inda da ta bi ta sama. Sau da yawa wanda ya ke kukan tayarsa ta yi ƙanƙanta, iska ce ta yi mata yawa.

Laka kuma a ƙasar nan ta wata uku ce zuwa huɗu. Sauran shekara hanya ƙeƙasasshiya ce, burji da kwalta suna cin dogayen haƙora kamar gara. Wanda ya sayi tayar damina ya adana tsofaffin a inuwa, in kaka ta yi ya mayar da su. Ya kuma tuna hanyar fadama ba tasa ba ce shi kaɗai. Ramin da haƙoran nan suka haƙa cikin Agusta yana bushewa yadda ya ke, a ciki amalanken maƙwabci zai faɗa ranar kwasar amfani, kuma ƙarar gaban mai unguwa za ta je.