Kada Yaƙi da Jan-baki Ya Cinye Sauran Tsuntsaye

Duk manomin shinkafa a fadamun Kalgo, ko mai gero da dawa a tudun Gwandu, ya san abin da garken jan-baki kan yi wa gona cikin yini guda. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a 2015, shinkafa ta zama jarin gidaje da yawa, don haka ba abin mamaki ba ne idan manoma suka nemi a turo jirgin feshi. Sai dai guba ba ta tantance tsuntsu, kuma a cikin waɗanda take kashewa akwai masu yi wa manomi aiki kyauta.

Kowane tsuntsu an ƙera jikinsa daidai da abincinsa. Jan-baki yana da gajeren baki mai kauri na fasa ƙwaya, kuma asalin cimarsa irin ciyawar daji ce. Idan ta yi ƙaranci yakan faɗa gonaki. Yana bin damina daga wuri zuwa wuri, ƙwansa kuwa yana ƙyanƙyashewa cikin kwana goma ko kusa da haka. Shi ya sa masana ke ɗaukarsa tsuntsun daji mafi yawa a duniya, kimanin biliyan ɗaya da rabi. Wanda ke hayayyafa haka, feshi yana rage shi ne na ɗan lokaci kawai.

Sauran fa? Shamuwa, wadda zuwanta ke shaida wa dattawa cewa damina ta kusa, fara da tsutsa take ci, kuma ƙarshen damina takan yi ƙaura zuwa kudancin Afirka. Balbela tana bin sawun shanu tana tsince ƙwarin da suka tayar. Mujiya, da muke tsangwama saboda camfi, tana da gashin da ke sa ta tashi ba ƙara da kunnen da ke jin motsin ɓera cikin duhu. Ita ce mai gadin rumbu da dare. Ungulu kuwa ruwan cikinta yana da ƙarfin kashe ƙwayoyin cutar da ke jikin mushe. Waɗannan ba sa hayayyafa kamar jan-baki, kuma shaho ko mujiyar da ta ci gawar tsuntsun da aka fesa wa maganin fenthion tana iya bin sa. A 2015 ƙungiyar IUCN ta sa ungulun da muka saba gani a mahauta cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa.

Wasu ƙasashe sun riga mu ɗanɗana wannan. A 1958 Sin ta shelanta yaƙi da gwara don ceton hatsi, sai fara ta yi yawa, yunwa ta ƙara tsanani. A Indiya, maganin dabbobi diclofenac ya kashe sama da kashi 90 cikin ɗari na ungulaye tun daga shekarun 1990, karnukan titi suka gaje mushe, cutar haukan kare ta ƙaru.

Ba muna cewa a bar wa jan-baki gona ba. Idan feshi ya zama dole, a takaita shi ga makwancinsu da aka tabbatar, nesa da ruwa, sannan a kwashe gawarwakin. Manoman fadama ɗaya su yi shuka lokaci guda da iri mai saurin nuna, domin ɓarna ta rarrabu. A Chadi ana kama jan-baki da raga ana sayarwa a kasuwa a matsayin nama. Mu ma za mu iya koya. A bar tsofaffin kukoki da tsamiyoyi, domin a kansu shamuwa da ungulu ke sheƙa.

Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tana Kalgo, fadama na bakin ƙofarta. Ya kamata ɗalibanta su riƙa ƙidayar tsuntsayen yankin kowace shekara, domin hukuma ta san abin da take asara kafin ta sake sa hannu a kwangilar feshi.